Lamba 20,000: keson wuri da abin da lissafi ya ce a kanta

20,000, wato dubu ashirin ko zambar ashirin a tsohon ƙirge, lamba ce da ƴan kasuwar Damagaram suka daɗe da sani. A zamanin da ake ciniki da wuri, adadin nan sunansa keso, kamar tsohuwar tabarma. Bajamushe Heinrich Barth ya rubuta cewa a Kano, a 1851, wuri 2,500 ne ke yin dalar azurfa guda, ke nan keso dala 8 ne cif. A Tasawa kuwa, yamma da Garagumsa, ya ga an ƙirga wuri 500,000 da hannu, biyar-biyar, wato keso 25.

A wajen masana lissafi 20,000 cika ce, ba mara ba. In aka yi ta rarraba ta har ƙarshe, lambobi biyu kaɗai ake tararwa, 2 da 5: an ninka 2 sau biyar an samu 32, an ninka 5 sau huɗu an samu 625, sai 32 sau 625 ya ba da 20,000. Wannan ne ya sa ta dace da mai ƙirge biyar-biyar, don tulin 100, na 200, na 500 da na 1,000 duk suna shiga cikinta ba saura.

Lambobi 30 ne ke raba ta daidai, tun daga 1, 2, 4, 5, 8 har zuwa 5,000, 10,000 da ita kanta. In an cire ta aka tara sauran 29 ɗin, ana samun 29,203. Tun da jimillar ta zarce ta, tana cikin rukunin da ake kira lambobi masu yalwa. Babu cikakkiyar lambar da za a ninka da kanta ta ba da 20,000: 141 sau 141 na tsayawa a 19,881, shi kuwa 142 sau 142 ya wuce zuwa 20,164.

Inda take gardama shi ne wajen 3, kuma masu rabon gado sun fi kowa sanin haka. Rabinta 10,000 ne, rubu'inta 5,000, tumuninta 2,500, duk suna fita lafiya lau. Sulusi kam sai ya ba da 6,666 da saura 2, sudusi 3,333 da saura 2. Matar mamacin da ya bar ƴaƴa za ta karɓi tumuninta cif, amma sudusin mahaifiyarsa sai an yi masa gutsure. Haka 7 da 9 ma ba sa raba ta.

Yau a kuɗin sefa, 20,000 jika ashirin ce, ko dala 4,000 tun da dala tana nufin faran 5. Takarda biyu ce ta jika goma, wadda ita ce mafi girma da bankin BCEAO ke bugawa.