Bukukuwan Hausawa Tsakanin Lissafin Kaka da Lissafin Wata

Kafin Musulunci ya kafu a Kano, zamanin Sarki Ali Yaji (1349-1385), bukukuwan Bahaushe yanayin shekara suke bi. Kalankuwa da buɗar dawa, alal misali, sai an kawar da amfanin gona ake yin su. Da lissafin wata ya kankama, musamman bayan jihadin 1804, sai waɗanda suka raɓu da watannin Musulunci suka ɗore: cika-ciki a Muharram, takutaha a Rabi'ul Awwal, tashe a Ramalana. Na kaka kuwa suka koma ƙauyuka. Haka ma Maslenitsa, bikin Rashawa na sallamar hunturu, ya tsira da ya jingina da azumin coci. Ke nan, a ƙasashen biyu, bikin da ya sami gurbi a lissafin addini ya fi ƙarko.