Te Wānanga o Raukawa

Te Wānanga o Raukawa babbar makaranta ce ta al'ummar Māori da ke garin Ōtaki a Tsibirin Arewa na ƙasar Niyu Zilan. Ƙabilu uku ne suka kafa ta a shekarar 1981: Ngāti Raukawa da Te Āti Awa da Ngāti Toa Rangatira. Ta samo asali daga shirin farfaɗo da harshe da al'ada da ƙabilun suka ƙaddamar a 1975 bisa jagorancin Farfesa Whatarangi Winiata. Ita ce irinta ta farko a wannan zamani, kuma gwamnati ta amince da ita a hukumance a 1993. Ɗalibanta suna koyon harshen Māori da tarihin zuriyarsu tare da fannin da suka zaɓa.