Dawa

Duk wanda ya bi hanyar Birnin Gwari zuwa Funtua ya ratsa Dogon Dawa. Baƙo kan ɗauka garin ya samo suna daga hatsi, ganin yankin na manoma ne. To, sunan da kansa ya raba gardama. Dawar tuwo, mai jan wasalin farko, mace ce, da ita ake nufi da Doguwar Dawa za a ce. Wannan dawan namiji ne, gajeren wasali ake yi masa, kuma daji yake nufi, irin na Kamuku da ke nan kusa. Shi ne dai a raƙumin dawa da namun dawa. Rubutun boko ne ya haɗa su riga ɗaya, kunnen Bahaushe bai taɓa rikita su ba.

A Mombasa kuwa, in ka ga dawa a allon shago, kada ka tambayi kuɗin tiya, magani ake sayarwa. Sawahili ya aro ta daga Larabci, haka ma Hindi da Urdu. Mutanen Tibet wata na sama suke kira dawa, har su raɗa wa ɗan da aka haifa ranar Litinin. A Filifin wani ƙaramin gero ne, kamar ɗan uwan namu, alhali ba dangin iya ba na baba.

Wadda ta fi ba ni dariya ta Jawa ce a Indunusiya, inda dawa ke nufin dogo. Mutumin can da zai ji fassarar Dogon Dawa, sai ya ce an maimaita magana.