Daga Sankira Zuwa Cron: Yadda Saƙo Ya Koyi Jiran Lokacinsa

A ƙasar Daura, saƙon da ke jiran lokaci ya girmi waya nesa ba kusa ba. Idan fada ta yanke magana, jakada ne ke kai ta ga hakimi a Zango ko Baure, hakimi ya miƙa wa dagaci, dagaci ga mai unguwa. Shi kuwa sankira, mai shela, ba ya gaggawa. Sai ranar kasuwa, ko bayan an sauko daga Juma'a, sannan ya ɗaga murya, don a nan kunnuwa ke taruwa. Mai saƙo ya gama nasa tuni, wani ne ke riƙe masa lokaci.

Wayar salula ta GSM da ta shigo Najeriya a 2001 ta kawo sauri, WhatsApp da aka ƙirƙira a 2009 ya ƙara, amma duk sun sallami mai riƙe lokacin. Dole kai da kanka ka tuna, ka farka, ka latsa.

Abin mamaki, maganin wannan ya riga su zuwa duniya. A shekarun 1970, a ɗakin bincike na Bell Labs da ke Amurka, inda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka gina tsarin Unix, aka rubuta wata 'yar manhaja mai suna cron. Aikinta ɗaya ne: ta farka kowane minti, ta duba takardar jadawali, in akwai aikin da lokacinsa ya yi ta aiwatar, ta koma barci. A 1987 Paul Vixie ya sake rubuta ta, kuma jikokin tasa ne ke cikin yawancin kwamfutocin Linux har yau. Ba ta da hoto ko maɓalli. A baƙin allon nan na rubuta umarni ake yi mata magana. Gurabe biyar ake cikewa: minti, awa, ranar wata, wata, da ranar mako. Wanda ya rubuta 0 8 * * 1 ya ce ke nan ƙarfe takwas na safiyar kowace Litinin.

Abin da ya rage shi ne ƙofar shiga dandalin hira. Telegram ya buɗe tasa a 2015, inda ya ba kowa damar ƙirƙirar ɗan aike na manhaja. Daga nan layi guda ya wadatar: cron ta tsare lokaci, manhajar curl ta ɗauki rubutu, saƙo ya sauka a wayar abokin aiki, ko tunin taro ne ko neman rahoton mako. Sai a 2019 Gmail da Telegram ɗin suka sa wa kowa maɓallin tsara lokaci, bayan cron ta haura shekara arba'in tana wannan aiki.

A ganina, ma'aikacin ofis a Daura ko Sandamu da zai gwada wannan, wutar lantarki ce za ta fara ba shi ciwon kai. Cron ba ta rama abin da ya wuce. In kwamfuta na kashe lokacin da takwas ta buga, saƙon ba zai tafi ba sai wata Litinin. Shi ya sa masu harkar ke hayar kwamfutar da ke kunne dare da rana a wata ƙasa. Galibin irin waɗannan kuwa agogon UTC suke bi, wanda namu ya riga da awa ɗaya, don haka mai son takwas ɗin Daura sai ya rubuta bakwai.