Raƙumin dawa

rā̀ƙumin dawà [K-S-S S-K] sn., nj.; mc. rā̀ƙumar dawà, jm. rāƙumàn dawà. Hrɗ. < rā̀ƙumī + -n + dawà. Wasu: raƙumin daji. Kmy. *Giraffa camelopardalis*.

1. Dabbar daji mai tuƙa, mai dogon wuya da dabbare-dabbaren jiki. Ba dabbar tudu da ta kai shi tsayi, namiji kan haura mita 5. Ƙasusuwan wuya 7 ne kacal, kamar na mutum. Harshe kusan santimita 45, mai duhu, da shi yake zaƙulo ganye tsakanin ƙayoyin gawo da aduwa. Tafiya irin ta raƙumi: ƙafafun gefe ɗaya tare. Shan ruwa sai ya ware ƙafafun gaba. Ciki wata 15. Mace a tsaye take haihuwa, ɗan ya miƙe cikin sa'a guda. Maza kan yi faɗa da wuya. *Mis.* ~ ya sunkuya shan ruwa. rā̀ƙumar dawà ta haihu.

1a. Na Afirka ta Yamma (*peralta*): mai hasken launi. A Nijar kaɗai ya rage, yankin Kure, gabas da Yamai, cikin gonakin jama'a. Sun ragu zuwa kusan 50 a 1996, yanzu sun haura 600. A 2018 an kai 8 gandun Gadabeji, jihar Maraɗi. *Mis.* rāƙumàn dawà sun cinye mana wake.

2. (zolaya) Mutum zanƙalele. *Mis.* kai ~, sunkuyo kada ka bugi ƙofa!

Dub. rā̀ƙumī, tāguwā, dawà.