Kurket ɗin ƙauye, da mu 'yan Arewa

'Yan uwa, duk mai ce min kurket wasan 'ya'yan masu kuɗin Legas ne, ina so ya ji labarin Troon. Ƙauye ne da a da ake haƙar ma'adinai, a Cornwall, kudu maso yammacin Ingila. A 1972 mujallar The Cricketer ta ƙirƙiro gasar ƙauyuka zalla, ɗaruruwa suka shiga, Troon ta ɗaga kofin a filin Lord's na Landan. A 1973 ta maimaita.

Ni dai ƙananan kulob-kulob ɗin da ke can ƙasan teburi su suka fi burge ni. Ba a biyan kowa ko sisi. Daga Afrilu zuwa Satumba, kusan duk Asabar, su za su yanke ciyawar fili, su yi karo-karon kuɗin ƙwallo da shayin hutu. Ruwa ya sauko, shi ke nan, a raba maki. Kyaftin kuwa yana ta kiraye-kirayen neman cikon mutum na 11.

Mu fa? Sardauna ya buga kurket a Kwalejin Katsina. Amma nan makarantarmu ana atisaye duk Asabar, wallahi ban taɓa ganin ɗayanmu a filin ba. Wa zai raka ni wannan satin?