Tantance ƴan ƙasa a girgam ɗin zaɓe: yadda ake yi a Amurka, da wanda kuskure ke faɗawa a kansa

A Amurka doka ta haramta wa wanda ba ɗan ƙasa ba jefa ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙasa da na majalisar tarayya. Wata doka ta 1996 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda, kuma baƙon da aka kama yana iya rasa takardun zamansa, a tasa ƙeyarsa zuwa gida. Kusan kowa ya yarda da wannan haramci. Inda ake kai ruwa rana shi ne yadda za a zaƙulo baƙon daga cikin girgam ba tare da an share sunan ɗan ƙasa tare da nasa ba.

Abin da ya sa aikin ke da wuya

Mai karatu a Maradi ko Zinder zai yi mamakin jin cewa Amurka ba ta da katin shaidar ɗan ƙasa na bai ɗaya, ba ta kuma da hukumar zaɓe ta ƙasa irin CENI mai riƙe da girgam guda. Kowace jaha ce ke riƙe da nata. A mafi yawan jahohi, mai son yin rajista yana cika takarda ne, ya sa hannu bisa rantsuwa cewa shi ɗan ƙasa ne, in ya yi ƙarya doka ta hau kansa. Wata dokar tarayya ta 1993 ta kuma ba da damar yin rajistar zaɓe a ofishin da ake karɓar lasisin tuƙi.

Don haka idan hukumomin jaha suka tashi bincike, abin da suka fi yi shi ne kwatanta girgam da bayanan ofishin lasisi. A nan matsalar take. Baƙo mai takardun zama na halal yana karɓar lasisi, a rubuta shi baƙo. Bayan shekaru sai ya yi rantsuwar zama ɗan ƙasa, kamar yadda mutum sama da dubu 800 suka yi a 2023, ya je ya yi rajistar zaɓe da cikakken haƙƙinsa. Amma a kwamfutar ofishin lasisi har yanzu baƙo ne, don babu wanda ya koma ya gyara. Ga kuma sunaye masu kama da juna da ranakun haihuwa da ke zuwa ɗaya.

Abin da aka gani a jahohi

A 2012 jahar Florida ta fara da jerin sunaye kusan dubu 180 da ake zargi. Da aka tace, suka koma kimanin 2,600, daga baya 198, a ƙarshe kimanin mutum 85 aka cire. A watan Janairun 2019 sakataren jahar Texas, David Whitley, ya ba da sanarwar cewa akwai shakku a kan mutum kusan dubu 95. Cikin ƴan kwanaki ta bayyana cewa dubban dubatarsu mutane ne da suka riga suka zama ƴan ƙasa. Jahar ta janye shirin bayan ƙararraki a kotu, shi kuma ya bar muƙaminsa a watan Mayu. A watan Agustan 2024 jahar Alabama ta ware sunaye 3,251, amma a gaban kotu aka tabbatar cewa sama da dubu 2 daga cikinsu ƴan ƙasa ne masu haƙƙin zaɓe, kuma alƙaliya ta dakatar da aikin.

Baƙin da ake nema akwai su, sai dai ba su taka kara sun karya ba. Jahar Georgia, wadda ɗan jam'iyyar Republican ke kula da zaɓenta, ta binciki girgam ɗinta mai ɗauke da mutum miliyan 8 da dubu 200 a 2024, ta sami baƙi 20.

Garkuwar da doka ta tanada

Babbar kariya a dokar 1993 ita ce ta lokaci: idan ya rage kwana 90 a yi zaɓen tarayya, ba a yarda jaha ta ci gaba da share sunaye a dunƙule ba. Hikimar a fili take. Wanda aka cire bisa kuskure a watan Maris yana da sararin gyara kafin zaɓen Nuwamba, wanda aka cire a Oktoba kuwa a bakin akwati zai ji labari. Da wannan ƙa'ida kotun ɗaukaka ƙara ta kama Florida da laifi a 2014, da ita kuma aka tsayar da Alabama.

Sai dai garkuwar ta tsage a jahar Virginia. Gwamna Glenn Youngkin ya sa hannu a kan umarnin tantancewa ranar 7 ga Agustan 2024, daidai kwana 90 kafin zaɓe, aka cire mutum kusan 1,600. Ƙananan kotuna suka ce a maido da su. Jahar ta kafa hujja cewa wa'adin bai shafi wanda tun farko bai cancanci rajista ba, kuma ranar 30 ga Oktoba Kotun Ƙoli ta bar ta ta ci gaba, ba tare da bayyana dalili ba. Raunin wannan hujja shi ne ta ɗauka an riga an san wane ne baƙo, alhali abin da ake ƙoƙarin ganowa ke nan. Abin da ya rage zafin lamarin shi ne a Virginia mutum yana iya sake rajista a ranar zaɓe.

Sauran matakan da masana harkar zaɓe ke yawan nanatawa ba su da sarƙaƙiya. A ɗauki abin da kwamfuta ta nuna a matsayin zargi, ma'aikaci ya bi fayil ɗin mutum ɗaya bayan ɗaya. A aika wa mutum wasiƙa da harshen da yake ji, a ba shi isasshen lokacin amsawa, kada a ɗauki shirunsa a matsayin amsa laifi, domin wasiƙa kan ɓata, mutane kan canza gida. In ranar zaɓe ta zo ba a gama ba, a bar shi ya jefa ƙuri'ar wucin gadi, a ajiye ta gefe har a tabbatar.

Hanyar neman takarda tun farko

Wasu na ganin maganin shi ne a nemi fasfo ko takardar haihuwa tun wajen rajista. Jahar Kansas ta gwada daga 2013. Dokar ta toshe rajistar mutum sama da dubu 30, alhali baƙin da kotu ta tabbatar sun shiga girgam cikin fiye da shekara goma 39 ne. Alƙaliya Julie Robinson ta soke dokar a 2018, kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayanta a 2020. Wani bincike da cibiyar Brennan ta wallafa a 2024 ya ƙiyasta cewa ƴan ƙasa sama da miliyan 21 ba su da irin waɗannan takardu a kusa da hannu. Ga kuma matan aure da sunan da ke kan takardar haihuwarsu ya bambanta da wanda suke amfani da shi yanzu. Duk da haka majalisar wakilai ta amince da ƙudurin SAVE ranar 10 ga Afrilun 2025 da ƙuri'a 220 a kan 208, don shimfiɗa wannan sharaɗi a ƙasa baki ɗaya. A shekarar kuma gwamnatin Trump ta faɗaɗa rumbun bayanan hukumar shige da fice, shi ma SAVE ake kiransa, ta yadda jaha za ta iya zuba sunaye masu yawa a ciki lokaci guda.

Kusa da gida

Yankinmu ya ga inda irin wannan tantancewa kan kai idan siyasa ta shige ta. A Kodebuwa, inda ƴan Nijar da dama ke zaune, girgam na wucin gadi na ƙarshen 2009 ya kasu biyu: farin jeri mai mutum miliyan 5 da dubu 300, da jeri mai launin toka na mutum sama da miliyan guda da ba a tabbatar da ƙasarsu ba. Masu sunaye irin na arewacin ƙasar su ne aka fi kai ƙorafi a kansu a kotuna. A watan Fabrairun 2010 shugaba Laurent Gbagbo ya rusa gwamnati da hukumar zaɓe bisa zargin cusa sunaye dubu 429, aka yi zanga-zanga, aka rasa rayuka, aka sake ɗage zaɓe.

A Nijar tambayar ta fi karkata ga takardu. A zaɓen 2016 an yi ta cece-kuce a kan barin marasa katin shaida su yi zaɓe da shaidu biyu. Kafin haɗa girgam mai hoto da zanen yatsa na 2020, wanda ya ƙunshi mutum kimanin miliyan 7 da dubu 400, sai da alƙalai suka bi ƙauyuka suna zaman kotu na tafi-da-gidanka don ba mutane takardar da ke maye gurbin ta haihuwa. A tsakanin Maradi da Katsina, ko Birnin Ƙonni da Illela, dangi ɗaya ne a ɓangarori biyu, suna ɗaya, harshe ɗaya, aure na ƙetare iyaka kullum. Duk ranar da za a sake haɗa girgam, ma'aikacin rajista a irin waɗannan garuruwa zai gamu da tsohuwar da aka haifa a gida, ba a taɓa rubuta haihuwarta ba, mijinta kuma daga Jibiya yake. Suna ko karin harshe ba zai raba masa gardama ba, sai abin da dokar ƙasa ta ce a kan iyayenta da kuma shaidar da aka yarda ta kawo.